Lambobi biyu da muke auna allurar yaranku da su

Iyaye da masu unguwanni, kun sha tambayarmu, mu ma'aikatan lafiya, dalilin da ya sa wata rana allurar rigakafi ke ƙarewa alhali mata na zaune da goyo suna jira. Sau da yawa matsalar daga lissafi take.

Rabon da a yi ƙidaya a Najeriya tun 2006, lokacin da aka samu mutum wajen miliyan 3.7 a Jihar Sakkwato. Tun daga nan kintace ake yi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ja layi miƙaƙƙe, irin y = mx + c da yaranmu ke koya a sakandare. Lambobi biyu ne ke riƙe da layin: mafari, wato yawan mutane ranar da aka fara ƙirga, da hawa, wato abin da ke ƙaruwa kowace shekara.

A ce wani ƙauye yana da mutum 5,000 a shekarar da aka ƙirga, kuma duk shekara ana samun ƙarin 150. Bayan shekara shida sun kai 5,900. A tsarin aikinmu, jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya kashi 4 ne cikin ɗari, wato 236. Wanda ya manne wa mafari, ya ɗauka har yau 5,000 ne, allurar yara 200 zai nema. Saura 36 fa?

Kuma wannan 150 ba yawan haihuwa ba ne, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Abin da ya rage ne bayan an haɗa haihuwa da baƙin da suka zauna, an cire waɗanda suka rasu da waɗanda suka tashi. Shi ya sa a wasu wuraren layin kan gangara ƙasa. Garuruwan da rashin tsaro ya tayar a yankin Isa da Sabon Birni raguwa suke yi, inda mutanensu suka sauka kuma yawan ya yi tsalle lokaci guda. Layi miƙaƙƙe bai san da gudun hijira ba, sai an gaya masa.

Don haka, ranka ya daɗe mai unguwa, in baƙi sun sauka, a sanar da asibiti mafi kusa a makon da suka sauka, a faɗi yawan yara da masu juna biyu. Iyaye kuma, bayan suna a je a yi wa jariri rajistar haihuwa, a zo da katinsa ranar awo.