Cire iska yayin sauke tankar mai ta mita

Cire iska shi ne raba iska da tururi daga fetur, kananzir ko man gas kafin su kai ga mita a lokacin sauke tanka. Mitar da aka fi sa wa wannan aiki tana da 'yan ɗakuna masu juyawa a cikinta, tana ƙidaya sau nawa suka cika suka zube, ba ruwanta da abin da ya cika su. Litar iska da litar mai duk ɗaya ne a wurinta, kuma mai karɓar kaya ne ke biyan kuɗin iskar.

A Sakkwato yawancin gidajen mai da sandar awo suke karɓar kaya, a bar man ya gangara da kansa zuwa tankin ƙasa. Matsalar ta fi shafar inda ake jan mai da famfo ta mita zuwa tankin sama.

Inda iskar ke shigowa

Na farko tiyo ne. Tiyo mai faɗin inci 4, tsawon mita 6, yana ɗauke da iska kusan lita 49 in babu mai a cikinsa. Tankar lita 33,000 tana da ɗakuna, kuma duk sauyin ɗaki sai an sake kwasar iska. Mafi muni shi ne ƙarshen ɗaki: idan mai ya yi ƙasa, sai ya riƙa juyawa a bakin mafita kamar ruwa a mazurari, yana jan iska ta tsakiya tun da sauran kaya a ciki. Robar mahaɗa da ta tsufa a ɓangaren da famfo ke zuƙa ita ma tana shigar da iska, sau da yawa ba tare da ɗigon mai ko ɗaya a ƙasa ba, shi ya sa take wuyar ganowa. A watan Afrilu, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, fetur kan zama tururi a bakin famfo, musamman in matatar da ke tace datti a ɓangaren zuƙa ta toshe.

Yadda na'urar take aiki

Tsarin jeri shi ne famfo, matata, na'urar cire iska, mita, sannan bawul mai riƙe matsi. Na'urar tukunyar ƙarfe ce da ta fi bututu faɗi, don gudun mai ya ragu kumfa ta samu damar tasowa. A samanta akwai ƙwallo maras nauyi da ke yawo a kan mai, haɗe da ƙaramin bawul. Iska ta taru, mai ya sauka, ƙwallon ya bi shi ƙasa, bawul ya buɗe iskar ta fice. Mai ya dawo, ƙwallon ya tashi ya rufe.

Tukunyar kaɗai ba ta wadatarwa. In babu matsi a bayan mita, iska za ta bi babbar hanya maimakon ƙaramar ƙofar sama. Don haka ake haɗa bawul ɗin bayan mita da kan tukunyar ta siririn bututu, ya tsayar da gudu har iskar ta gama fita. Man gas ya fi fetur kauri da kumfa, don haka yana buƙatar babbar tukunya ko a rage gudu.

Ƙa'idar duniya ta awo da mita, OIML R 117, ta iyakance kuskuren da iska ke jawowa zuwa kashi 0.5 cikin 100 ga mai maras kauri irin fetur, da kashi 1 ga mai kauri. A lita 33,000, kashi 0.5 lita 165 ke nan.

Wajen sauke kaya

Ana fara ɗaura wayar da ke kai lantarkin jikin tanka ƙasa. A buɗe bawul ɗin tanka a bar tiyo ya cika, a tada famfo da bawul ɗin gaba a ɗan buɗe har hucin iska ya tsaya, sannan a saki gudu. Da ɗaki ya kusa ƙarewa a rage gudun, a rufe shi kafin a buɗe na gaba. Alamar iska ta wuce ita ce lambobin mita su zabura, tiyo ya riƙa tsalle, ƙarar famfo ta sauya. Wannan zaburar tana cinye cikin mita, ta ɓata saitinta.

Bututun fitar iska kada a bar shi buɗe kusa da famfo, domin tururin fetur ne ke fita. Ana kai shi wata 'yar tukunyar tara mai ko saman tankin ajiya. In mai ya riƙa feshi ta nan, ƙwallon ya huje ya nutse, ko datti ya tokare bawul. Wasu kan toshe bututun don tsayar da yoyon, wanda hakan daidai yake da cire na'urar gaba ɗaya. Bayan an gama, a kwatanta lissafin mita da awon sanda na tankin ajiya. In mita ce kullum ke gaba, a fara binciken daga mahaɗar tiyo.