Firintar feshin tawada ta buga hotuna da faifai

Firintar feshin tawada, wadda aka fi sani da inkjet, na'ura ce da ke fitar da rubutu ko hoto ta hanyar fesa ƙananan ɗigon tawada a kan takarda daga wasu 'yan ramuka da ke jikin kan bugunta, wato ɓangaren da ke kai da komo a saman takardar. A cikin irinta akwai waɗanda aka ƙera musamman domin hotuna, wasu daga cikinsu kuma suna iya buga zane kai tsaye a bayan faifan CD, DVD ko Blu-ray. Abin da ya raba su da firintar ofis shi ne irin tawadar da suke sha, yawan launukanta, da hanyar da takarda ko faifai ke bi a ciki.

Yadda take fesa tawada

Hanya biyu ce ta mamaye kasuwa. Ta farko ta zafi ce: wani ɗan ƙaramin abin ɗumama yana tafasa tawadar cikin ƙiftawar ido, kumfa ya taso, ya tunkuɗo ɗigo ɗaya waje. Canon da HP ne suka ɓullo da ita, kowa ta nasa ɓangaren, a ƙarshen shekarun 1970. HP ta fitar da ThinkJet a 1984, sannan DeskJet a 1988, Canon kuma ta kira tata fasahar Bubble Jet. Hanya ta biyu ita ce ta Epson, mai suna Micro Piezo, inda wani ɗan sinadari ke lanƙwashewa idan lantarki ya ratsa shi, ya matso tawadar ba tare da zafi ba. Epson Stylus Color ta 1994, mai ɗigo 720 a inci, tana cikin na farko da suka nuna cewa za a iya buga hoto mai kyau a gida.

Wannan bambanci yana da tasiri a wajen gyara. A yawancin firintocin Epson kan a dashe yake, ba a canza shi sai an kwance na'urar. A firintocin hoto na Canon da dama mai ita na iya cire kan ya sa sabo da hannunsa. Wasu ƙananan firintocin HP da Canon kuwa kan yana jikin katirij ne, wato ɗan akwatin tawada, duk sabon katirij sabon kai.

Tawada

Nan ne zaɓin yake. Tawada iri biyu ce: ta rini, wadda launinta ya narke a ruwa, da ta gari, wadda ƙananan ƙwayoyin launi ke shawagi a cikin ruwan ba tare da sun narke ba. Ta rini tana shiga jikin takarda, don haka hoton yakan fito da ƙyalli da launi rau a takarda mai sheƙi. Rauninta shi ne ruwa da hasken rana da iska: hoton da aka manna a bango ba gilashi yakan fara koɗewa tun kafin wanda aka ajiye a albam ya nuna alama. Ta gari tana zama a saman takarda, tana jure ruwa da haske sosai, shi ya sa masu sayar da hotuna da masu baje koli suka fi son ta. Amma a takarda mai sheƙi takan nuna wani ɗan bambancin ƙyalli idan an karkata hoton, abin da ya sa wasu firintoci ke ɗauke da wani ruwa marar launi da ake shafewa a sama. Claria ta Epson da ChromaLife ta Canon na rini ne. UltraChrome da Lucia na gari ne.

Firintar ofis launi huɗu take da shi: sayan (wani irin shuɗi), majenta (wani irin ja mai ruwan hoda), rawaya da baƙi. Ta hoto takan ƙara sayan mai haske da majenta mai haske su zama shida. Amfaninsu yana fitowa ne a wuraren da launi ya yi laushi, kamar fatar fuska ko sararin samaniya. Da launi huɗu, dole na'urar ta warwatsa ɗigo masu duhu nesa da juna, sai ido ya tsinkayi tsaki-tsaki a kumatu. Da launuka masu haske wurin yakan cika sumul. Mai buga hoton baƙi da fari ya nemi wadda ke da toka-toka, domin idan aka haɗa toka daga launuka uku hoton yakan karkata zuwa kore ko ja-ja. Manyan firintoci suna kaiwa launi takwas zuwa goma sha biyu, har da baƙi iri biyu, ɗaya na takarda mai sheƙi ɗaya na marar sheƙi.

Lambobin da ake bugawa a kwali, irin 5760 sau 1440 ko 9600 sau 2400, ba su cancanci dogon nazari ba. Adadin ɗigon tawada ne, kuma ɗigo da yawa ke haɗuwa su ba da launi ɗaya. Hoton da ke da fiksel 300 a inci, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto a kwamfuta, ya wadatar.

Katirij ko tanki

Firintar katirij ba ta da tsada a saye, sai dai tawadarta ce ke cin kuɗi, kuma hoto yana shan tawada fiye da rubutu nesa ba kusa ba, tunda ana rufe shafin ne gaba ɗaya. Gara wadda kowane launi ke da nasa katirij, don kada a yar da majenta saboda rawaya ta ƙare. Firintar tanki, irin EcoTank ta Epson da MegaTank ta Canon, ana ɗura mata tawada ne daga kwalba. Kuɗinta da nauyi da farko, bugunta da sauƙi daga baya. Mai bugawa kullum ita ta fi masa.

Bugu a kan faifai

Faifai ba ya lanƙwasa, don haka ba ya bin hanyar takarda. Faɗinsa milimita 120 ne, kaurinsa 1.2, kuma ana ɗora shi a wani tiren roba mai gurbi, a daidaita alamar tiren da ta firintar, na'urar ta ja shi ciki a miƙe. Firintar da ba a ƙera ta da wannan ƙofa ba, ba za ta taɓa buga faifai ba, kuma sunan kamfani ba ya isa shaida: Epson L805 tana da tire, L1800 mai buga A3 ba ta da shi. Sai an duba bayanin samfurin da kansa. Wasu tiren suna zuwa da zobe na ƙaramin faifai mai milimita 80.

Shi ma faifan sai wanda aka yi domin tawada, mai farin shafi ko na azurfa da ke tsotse ruwa. Idan aka sa faifai gama-gari, tawadar takan taru ta yi ƙwallo-ƙwallo, ta ƙi bushewa, yatsa ɗaya ya share ta. Haka ma faifan da aka yi domin firintar zafi, wadda ke manna launi da zafi ba tare da feshin tawada ba. Akwai wanda farin shafinsa ya kai kusa da ramin tsakiya, akwai wanda ya bar zoben roba fili. Dole a gaya wa manhajar bugu girman da'irar ciki da ta waje. In an yi kuskure tawada ta zuba a roba ko a tire, ta ɓata faifan da ke biye. Ana fara ƙona bayanan, wato a zuba su a faifan, sannan a buga zanen, a bar shi ya bushe sosai kafin a sa shi a na'ura ko a jaka.

Dalilin fifita wannan a kan manna takarda a bayyane yake. Takardar da ba ta zauna daidai tsakiya ba tana sa faifai rawa idan yana juyawa da gudu, zafi kuma yana ɗaga gefenta ta maƙale a na'ura. A CD abin ya fi muni, domin shimfiɗar da ke riƙe bayanai tana dab da saman da ake rubutu, ɓare takardar na iya tafiya da ita. A DVD shimfiɗar tana tsakiyar roba biyu masu kaurin milimita 0.6 kowace. HP ta taɓa kawo LightScribe a 2004, inda lesar na'urar ke ƙona zane a bayan faifai, amma launi ɗaya ne kuma yana da jinkiri, daga baya aka daina yayinsa. Masu buga ɗaruruwan faifai suna amfani da na'urori masu hannun ɗauka da sauke faifai, irin na Primera ko Discproducer ta Epson.

Kula da ita

Zama ne ke kashe wannan firinta. Idan ta yi makonni ba bugu, tawada ta bushe a ramukan kai, sai hoto ya fito da fararen layuka. Wankin kai da na'urar ke yi yana shan tawada, ruwan da aka wanke kuma yana taruwa a wani soso a ƙasa. Idan ma'auninsa ya cika firintar takan tsaya cik. A wasu samfura soson yana cikin akwatin da mai ita ke canzawa da kansa, a wasu kuwa sai an kai ta wurin mai gyara. Buga shafin gwaji sau ɗaya a mako, da kashe ta ta maɓallinta don kan ya koma mazauninsa ya rufe, sukan rage yawan wankin.