A Duba Ƙwai Kafin Kaza Ta Ɓata Makonni Uku A Kwanci

A gidajen da nake zagayawa, korafin da mata masu kiwon kaji suka fi kawo mini shi ne kaza ta yi kwanci a kan ƙwai goma sha biyu, amma 'yan tsaki huɗu kawai ta ƙyanƙyashe, sauran duk baragurbi. Sau da yawa matsalar daga zakara take, domin kaza tana yin ƙwai ko da babu zakara a gida, sai dai irin wannan ƙwai ba ya taɓa zama ɗan tsako. Zakara ɗaya lafiyayye yana wadatar kaji kamar goma.

Jefa ƙwai a ruwa yana nuna sabo ne ko tsoho, ba ya nuna ko akwai rai a ciki, girgiza shi kuwa yana iya kashe ɗan tsakon. Abin da ya dace shi ne a bari kwanci ya kai kwana 7, a shiga ɗaki mai duhu da dare, a ɗora gefen ƙwan mai faɗi a bakin tocila. Idan akwai rai, za a ga ɗigo mai duhu da jijiyoyin jini sun bazu daga gare shi kamar saƙar gizo-gizo. Idan haske ya ratsa fes babu komai, ko aka ga jan zobe zagaye da ciki, sai a cire shi tun bai ruɓe ya fashe ya ɓata sauran ba. A mayar da masu kyau da wuri kafin su huce. Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21, na zabuwa da ake sa wa kaza da damina kuwa yana kai kwana 26 zuwa 28, don haka kada a yi gaggawar zubar da shi.

Siffar ƙwai, dogo ne ko zagayayye, ba ta nuna jinsin abin da ke ciki. Daga mako shida zuwa takwas zankon namiji yake fara girma yana yin ja fiye da na 'yan uwansa mata, ƙafafunsa su yi kauri, daga baya gashin wuyansa ya yi tsini, jelarsa ta lanƙwasa. Yakan fara cara a wata huɗu ko biyar, kuma ina roƙon a zaɓi mafi kuzari a bar wa kajin gida kafin a kai sauran kasuwa.