Horon daƙile yaɗuwar cuta ga ma'aikatan lafiya

Horon daƙile yaɗuwar cuta koyarwa ce da ake wajabta wa likitoci, ma'aikatan jinya, ungozomomi, likitocin haƙori da sauran masu aiki a asibiti, don kada majiyyaci ya zo da ciwo ɗaya ya koma gida da biyu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa cikin majiyyata 100 da aka kwantar, 7 a ƙasashe masu arziki, 15 kuma a ƙasashe masu tasowa, kan ɗauki wata cuta a asibitin.

Wanke hannu shi ne ginshiƙin horon. A 2009 hukumar ta fitar da ƙa'ida mai ɗauke da lokuta biyar: kafin taɓa majiyyaci, kafin aiki irin wanke rauni, bayan taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa majiyyaci, da bayan taɓa kayan da ke kewaye da shi. Na ƙarshen nan akan yi masa sakaci, alhali ƙarfen gado da teburin da ke gefensa ma suna riƙe ƙwayoyin cuta. Shafa sinadarin tsabtace hannu kan ɗauki daƙiƙa 20 zuwa 30, wanki da ruwa da sabulu kuwa 40 zuwa 60. Safar hannu ba ta ɗauke wa kowa wannan aikin.

Sai kuma allura. Ana koya wa ma'aikaci kada ya mayar wa allurar da ya yi amfani da ita murfinta, ya jefa ta nan take cikin akwatin da ba ya hujewa. In ta soke shi, ya kai rahoto ba jinkiri, domin maganin kariya daga ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, ƙa'idar 1991 ta OSHA, hukumar kula da lafiya da kariyar ma'aikata a wurin aiki, ta wajabta horo duk shekara ga wanda aikinsa kan haɗa shi da jini. Jihar New York, bisa dokar 1992, ta ɗora wa likitoci da ma'aikatan jinya sabunta kwas ɗin duk bayan shekara huɗu.

Takardar shaida kaɗai ba ta wadatarwa. Horon da ya fi amfani shi ne wanda mai koyo zai saka kayan kariya ya cire a gaban mai koyarwa, tunda wajen cirewa ne mutum ya fi gurɓata kansa. Masu shara da masu wankin zannuwan gado su ma suna buƙatarsa, domin su ke ɗaukar abin da allura da jini suka taɓa.