Leah Chase

Leah Chase (1923–2019) fitacciyar mai dafa abinci ce kuma 'yar kasuwa baƙar fata daga birnin New Orleans na jihar Louisiana a kudancin Amurka. Ta shafe sama da shekara sittin tana riƙe da kicin ɗin gidan abincin Dooky Chase's, har mutanen garin suka naɗa mata laƙabin sarauniyar girkin Kiriyol, wato salon girkin gargajiya na New Orleans. Uwa ce ga 'ya'ya huɗu. An fi tuna ta da yadda ta mayar da ƙaramin wurin sayar da abinci na surukanta ya zama matattarar masu fafutukar 'yancin baƙar fata a zamanin wariyar launin fata.

Tashinta

An haife ta ranar 6 ga Janairu, 1923, da sunan Leah Lange. Ta girma a Madisonville, wani ƙaramin gari da ke ƙetaren tafkin Pontchartrain, a gida mai 'ya'ya da yawa na mabiya ɗariƙar Katolika. Mahaifinta yana aiki a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, iyalin kuma suna noma abin da za su ci. Da yake garin ba shi da sakandaren da za ta karɓi yara baƙaƙe irinta, sai aka kai ta New Orleans wurin 'yan'uwa, ta yi karatu a St. Mary's Academy.

Bayan makaranta ta yi ayyuka iri-iri, amma wanda ya sauya mata tunani shi ne aikin kai abinci kan tebur a unguwar French Quarter. A can ta ga yadda ake shimfiɗa farin ƙyalle, a jera cokula da kofuna, a tarbi baƙo da girmamawa. Doka ta yarda ta yi hidima a irin waɗannan wurare, amma ba ta yarda ta zauna ta ci ba.

Aure da shiga sana'a

A 1946 ta auri Edgar "Dooky" Chase na biyu, mai busa ƙaho kuma shugaban wata ƙungiyar kiɗan jaz. Iyayen mijin suna da ɗan wurin sayar da burodi mai cike da nama ko kifi, da kuma tikitin caca, a unguwar Tremé, wanda ya zama gidan abinci a 1941, a kan titin Orleans. Leah ba ta shiga harkar nan take ba. Ta tsaya rainon 'ya'yanta, mata uku da namiji ɗaya, sai da suka isa makaranta a shekarun 1950 ta fara zuwa aiki.

Farkon shigarta bai zo da sauƙi ba. Ta so ta kawo irin abincin Turawa da ta gani a French Quarter, masu zuwa wurin suka ƙi shi. Sai ta koma ga girkin gida da ta tashi da shi, ta ɗora shi a kan farin ƙyalle da kyawawan faranti. Dabarar ke nan da ta riƙe gidan: abincin da mutane suka sani, cikin mutuncin da aka hana su a sauran wurare. Daga nan ya zama inda iyalan baƙaƙe ke zuwa bikin gama makaranta da liyafar aure, kuma wurin cin abincin manyan mawaƙa irin su Duke Ellington, Nat King Cole da Ray Charles in sun shigo gari. Ranar Juma'a ma'aikata kan kawo cekin albashinsu a canza musu da kuɗi a nan, domin bankuna ba su cika kula su ba.

Girkinta

Abincin da ya fi fito da sunanta shi ne gumbo, romo mai kauri da ake ci da shinkafa. Ana soya garin alkama a mai har ya yi ja, a zuba albasa da kayan ƙamshi, sannan kaguwa, jatan lande, kaza da nama. Wasu na sa kuɓewa, wasu kuma su barbaɗa garin ganyen bishiyar sassafras, kamar yadda ake kaɗa kuka a miya. Girkin Kiriyol gaba ɗayansa gauraye ne na hannun Afirka, Faransa, Sifaniya da 'yan asalin ƙasar.

Kowace shekara, ranar Alhamis ta ƙarshe kafin Ista, takan dafa gumbo na ganyaye kala tara, jama'a su yi cincirindo. A al'adar garin adadin ganyen ba ya zama mai rabuwa biyu, kuma ana cewa kowane ganye sabon aboki ne da mutum zai samu a shekarar.

Ɗakin bene

A shekarun 1950 da farkon shekarun 1960 dokokin Louisiana sun hana fari da baƙi zama tare a gidajen abinci. Duk da haka, a ɗakin da ke saman benen Dooky Chase's lauyoyi da masu fafutuka na kowane launi suka riƙa haɗuwa. Cikinsu akwai Thurgood Marshall, A. P. Tureaud, Ernest Morial wanda daga baya ya zama baƙar fata na farko da ya yi magajin garin New Orleans, Oretha Castle Haley, da Martin Luther King. Matasan da ke hawa motocin safa don karya dokar wariya a 1961 su ma sun ci abinci a nan. 'Yan sanda sun san da taron, amma farin jinin gidan ya sa rufe shi zai jawo fitinar da ba su so. Leah ba mai hawa mumbari ba ce. Nata shi ne ta tanadi wuri, ta cika kwano, ta bar su su yi shawara.

Ta kuma cika bangon gidan da zanen masu fasaha baƙaƙe kamar Elizabeth Catlett da Jacob Lawrence, a lokacin da manyan gidajen baje kolin zane ba sa waiwayarsu.

Jarrabawa da ƙarshen rayuwa

A 1990 babbar 'yarta, wadda ita ce hannun damanta a sana'ar, ta rasu wajen haihuwa. Leah ta ci gaba da buɗe gidan, kicin ya zama inda take haɗiye baƙin cikinta. A watan Agustan 2005 guguwar Katrina ta jawo ambaliyar da ta lalata gidan abincin da gidanta. Tana da shekara 82 a lokacin. Ita da mijinta suka zauna a ɗakin wucin gadi na hukumar agajin gaggawa, masu dafa abinci da masoya suka tara gudummawa, aka sake buɗewa a 2007.

Shugaba George W. Bush ya ci abinci a wurin, haka ma Barack Obama a 2008 yana neman shugabanci. Shi ne wanda ta tsawatar wa don ya ɗauko barkono zai zuba a gumbonta tun bai ɗanɗana ba. Rayuwarta na cikin abin da kamfanin Disney ya duba wajen ƙirƙiro Tiana, jarumar fim ɗinsa na 2009. A 2016 gidauniyar James Beard, mai karrama masu dafa abinci a Amurka, ta ba ta lambar yabo ta aikin tsawon rayuwa, a shekarar kuma mijinta ya rasu bayan aure na shekara 70.

Tana shiga kicin har bayan ta haura 90. Ta rasu ranar 1 ga Yuni, 2019, tana da shekara 96. Zuriyarta ce ta ci gaba da tafiyar da gidan abincin bayan rasuwarta.