Gashin Haske ga Sankarar Mama da Ta Yaɗu Zuwa Cikin Ƙoƙon Kai

Bayan sankarar huhu, sankarar mama ce ta fi yaɗuwa zuwa ƙwaƙwalwa, musamman nau'in HER2, wato wanda ƙwayoyinsa ke ɗauke da furotin mai suna HER2 da yawa, da kuma nau'in da ba shi da HER2 kuma ba ya jin maganin homon. Ƙarin kan fito a naman ƙwaƙwalwa, ko a tantanin da ya lulluɓe ta, ko a ƙashin ƙoƙon kai. Magunguna da dama ba sa ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa sosai, shi ya sa ake dogaro da gashi da haske mai ƙarfi, wato radiyoterafi. Hoton MRI da aka yi da allurar gadoliniyum, sinadarin da ke sa ƙari ya fito sarai a hoto, shi ke nuna yawan ƙarin da girmansa, kuma a kan haka ake zaɓen irin gashin.

Idan ƙarin ba su da yawa kuma ƙanana ne, an fi son gashin da ke auna ƙarin kaɗai. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan Suwidin, Lars Leksell, ya fito da dabarar a 1951, daga bisani ya ƙera na'urar yin irin wannan gashi mai suna Gamma Knife. Ana jiƙa abin rufe fuska na roba a ruwan ɗumi, a manna shi a fuskar majiyyaciya har ya sandare, domin kai kada ya motsa ko da milimita ɗaya. Sai a haɗa hoton CT da na MRI a zana iyakar ƙarin. Ƙarin da bai wuce santimita 2 ba kan sha Gy 20 zuwa 24 a zama ɗaya (Gy shi ne ma'aunin yawan hasken). Wanda ya kai santimita 3 zuwa 4 sai a rage zuwa Gy 15, ko a raba shi, misali Gy 27 a zama 3, domin ƙari babba yana jan lafiyayyen nama mai yawa cikin hasken.

Matsalar da ake tsoro a nan ita ce mutuwar nama a wurin da aka gasa, wadda kan bayyana watanni 6 ko fiye bayan gashi. A hoto tana kama da ƙarin ya dawo, har ta kan ruɗa ƙwararru. Maganin T-DM1, wanda ake ba masu sankarar mama nau'in HER2, yana ƙara haɗarinta. Ana fara magance ta da deksametason, maganin rage kumburi, in ta ƙi sai maganin bebasizumab ko tiyata.

Gashin ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, yawanci Gy 30 a zama 10 cikin mako 2, na masu ƙari da yawa ne ko waɗanda cutar ta bazu a tantani. Yana zubar da suma, yana kawo kasala, amma babbar illarsa ita ce mantuwa. Don rage ta ana kauce wa hifokamfas, sashen ƙwaƙwalwa da ke taimakawa wajen tuna sababbin abubuwa, a haɗa da maganin memantin.

Bayan gashin da ke auna ƙari kaɗai, ana sake MRI duk wata 2 zuwa 3, domin sabon ƙari na iya tsirowa a inda hasken bai taɓa ba.