Waiwaye: Kuɗin yaron fim, a hannun wa yake kwana?

Duk mai zaman majalisa a Gusau, ko a Tudun Wada ko a Sabon Gari, ya san yadda gardamar nan take tashi. Wani zai miƙo waya a kalli wani yaro ɗan shekara biyar ko shida, an zura masa babbar riga da hular da ta fi kansa, yana kwaikwayon maigida mai faɗa da matansa. A yi ta dariya har da riƙe ciki. Kafin shayi ya huce wani dattijo ya ce wannan ɓata tarbiyya ne, wani matashi ya ce baiwa ce Allah ya ba yaron, hassada ce kawai ke cin mutane. Malamin firamare da ke gefe ya tambaya ko yaushe yaron ke zuwa aji, ba wanda ya kula shi. Haka ake yi a Facebook, haka ake yi a shirye-shiryen rediyo na kiran waya, kuma kowa na magana kamar jiya abin ya faɗo daga sama tare da TikTok.

Alhali maganar ta haura shekara ɗari. A 1921 wani yaro ɗan Amurka mai suna Jackie Coogan ya fito tare da Charlie Chaplin a fim ɗin The Kid, yana ɗan shekara shida. Ya yi tashen da har hotonsa ake mannawa a jikin kayan sayarwa, ya tara miliyoyin daloli tun bai san lissafi ba. Da ya girma ya nemi abinsa, sai ya tarar an ci kusan duka a gida. A 1938 ya kai mahaifiyarsa da mijinta kotu, ya tashi da dala 126,000 kacal. A 1939 jihar Kalifoniya ta yi dokar kare kuɗin yaran fim, wadda har yau da sunansa ake kiranta. Sai dai dokar ta zo da ɓaraka, don sai a gyaran da ya fara aiki a 2000 aka tabbatar cewa kuɗin mallakin yaron ne, aka kuma wajabta a ware kashi 15 cikin 100 a asusun da ba mai taɓawa sai ya kai shekara 18. Shi kuwa Coogan ya yi aikin soja a yaƙin duniya na biyu, ya dawo ya ci gaba da fitowa a talabijin, ya rasu a 1984. Shirley Temple, wadda ta fi kowace yarinya tashe a shekarun 1930, ta bar fim tana 'yar shekara 22, daga baya ta zama jakadiyar Amurka a Gana daga 1974 zuwa 1976. Indiya, da muka tashi da finafinanta, ta yi nata tsarin a 2017: kada yaro ya wuce awa biyar a wajen aiki a rana, kuma a ajiye masa aƙalla kashi 20 cikin 100 na abin da ya samu a banki.

Namu tarihin gajere ne, kuma sananne. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, kaset ya bazu, kafin ƙarshen shekarun 1990 harka ta zama masana'anta. A nan Zamfara, da aka ƙaddamar da shari'a a ƙarshen 1999, gidajen sinima suka daina aiki, kallo ya koma falo da tsakar gida da shagunan hayar kaset. Tun a wancan lokacin akwai yara a fim: marayan da kishiyar uwa ke gana wa azaba, almajiri mai hikima, ɗan da ake rigima a kansa bayan saki. Galibinsu 'ya'yan 'yan fim ne, ko ƙannensu, ko yaran unguwar da aka je ɗaukar shirin. Ana gamawa a ba da sallama, a miƙa wa wanda ya kawo yaron, shi kuma a saya masa alewa da lemo. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, don haka ba wanda ya ga abin tambaya.

Akwai wani matashi da ke gyara mini waya a kusa da tsohuwar kasuwa. Ya fito a wasu finafinai yana ƙarami, lokacin da yake zaune wajen wani ɗan'uwansu a Kano, kuma har yau da sunan da ya ci a fim ake kiran sa, na yanka ya ɓace. Ran nan na tambaye shi nawa ya samu a duk tashen nan. Ya yi murmushi bai ɗago daga aikin da yake ba, ya ce, "Wallahi Kawu ban san ko nawa anka biya ba. Ni dai an yi man ɗinkin sallah, kuma na hau mota mai sanyi." Na ce to makaranta fa? Ya ce, "Nan ne anka cuce ni. In na shiga aji yara su yi ta kirana da sunan fim, malam ma ya ce in tashi in yi masu. Daga nan na tsani zuwa." Bai zagi kowa ba, ni ma ban nemi ya ambaci suna ba.

Inda nake ganin masu gardama suna tsallakewa shi ne abin da ya faru a tsakiyar shekarun 2010, lokacin da kasuwar faifai ta mutu. Ana yawan ba da wannan labari a matsayin musibar furodusoshi da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata a Kano, kuma lallai musibarsu ce. Amma ba a cika duba abin da ya yi wa yaro ba.

A zamanin kaset da faifan CD, fim haja ne kamar atamfa. Furodusa ya zuba kuɗinsa, ya kammala, ya kai wa 'yan kasuwa a Kano, a buga kwafi, motoci su kwaso zuwa Gusau da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara. A 'yan makonni an ci kasuwarsa, an wuce wajen. Duk rashin adalcin wancan tsari, yana da wasu shingaye da ba wanda ya gina su da gangan. Kyamara tana da tsada, sai an yi haya, don haka aiki yana da ranar farawa da ranar gamawa. Yaro zai yi kwana uku ko mako guda a wajen ɗauka, ya dawo gida ya koma yaro. Sannan mai fim daban ne, mai yaro daban. Dole furodusa ya zo ya yi sallama a ƙofar gida ya nemi izini, uba kuma yana da damar cewa a'a, ko ya ce sai an yi hutun makaranta, ko ya haɗa shi da yayansa ya raka shi. Idan aka wahalar da yaro, akwai baƙon da za a je a tuhuma. Daga 2001 ma akwai hukumar tace finafinai a Kano da fim ke bi ta gabanta kafin ya shiga kasuwa.

Sai waya mai memori ta shigo hannun kowa. Masu turi suka kafa tebura a bakin kasuwa da tashar mota, da kwamfuta ɗaya da lasifika, suna zuba wa mutum finafinai a waya da kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba. Na san su, na yi ciniki da su, ba zan yi munafunci ba. Cikin 'yan shekaru shagunan faifai suka koma sayar da caja da murfin waya. Masu shirya fim suka rarrabu: wasu suka bi tashoshin tauraron ɗan'adam, musamman bayan buɗe Arewa24 a 2014, wasu suka bar harkar, mafi yawa suka nufi YouTube.

To a can lissafin daban ne. Ba a sayar da fim a wuce wajen. Talla ce ke biya, kuma tana biya ne gwargwadon yawan kallo, yau da gobe da baɗi. A 2018 YouTube ta sa ƙa'idar cewa kafin tasha ta fara samun kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Wanda ya yi shiru na wata guda masu kallo su manta da shi. Saboda haka aiki ya daina ƙarewa: dole a saki sabon abu duk mako, wasu ma kullum. Kuma duk wanda ya gwada ya san abin da ke jan kallo da arha: ƙaramin yaro mai baki, wanda ba ya neman kuɗin jarumi, ba ya cewa ya gaji a saurare shi.

Asusun da kuɗin ke shiga kuwa, a ƙa'ida sai mai shekara 18 ne ke iya buɗe shi. Ƙa'ida ce mai ma'ana, ba wanda zai so a riƙa tura wa ɗan shekara shida dala. Amma ma'anarta a aikace ita ce, fuskar ta yaro ce, muryar tasa ce, asusun kuma na wani babba ne: uba, ko yaya, ko kawu, ko maƙwabcin da ke da waya mai kyau. Bidiyon da aka ɗauka yana ɗan shekara biyar zai iya ci gaba da kawo kuɗi har ya yi gemu, ba tare da sunansa ya taɓa hawa kan wata takarda ba.

Babban abin da ya sauya dai shi ne baƙon nan da ke sallama a ƙofar gida ya ɓace. Kyamara ta koma aljihun ɗan gida. Mai neman izini da mai ba da izini sun zama mutum ɗaya, wanda ya kamata ya ce "ya isa haka, yaron nan ya gaji" shi ne kuma wanda zai yi asara idan aka tsaya. Ba na cewa iyaye mugaye ne. Mutumin da ya baro ƙauyensu saboda rashin tsaro, gona ta gagara, yana haya a Gusau da 'ya'ya bakwai, idan bakin ɗansa ya fara kawo kuɗin masara, da wane ido zan kalle shi in ce ya daina? Amma ciwon da ya kai Coogan kotu ke nan, ya shigo mana ta ƙofar baya, ba tare da mun taɓa yin miliyoyin da suka sa aka lura da nasa ba. Wajen aiki ya zama tsakar gida, lokacin aiki ya zama duk sa'ar da yaro ya yi abin dariya, har kukansa na gaske ana iya ɗauka a saka. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 an rubuta ta ne tun kafin a san da wannan sana'a.

Idan aka kawo maganar kuɗin a majalisa, nan da nan wani zai jawo hadisin nan da ke cewa kai da dukiyarka na mahaifinka ne, kamar magana ta ƙare. Na bar wa malamai faɗin iyakarsa. Abin da na sani shi ne a fiƙihu yaro yana mallaka: yana cin gado tun yana cikin zani, waliyyinsa kuma mai tsaro ne. A al'adarmu ma haka abin yake. Kakanninmu mata kan tara kuɗin barka su saya wa jariri 'yar akuya ko tunkiya, ta yi ta haihuwa da sunansa, kowa a gidan ya san ta wane ce, ba a sayarwa sai da dalili mai ƙarfi. Yarinya mai talla, duk abin da za a faɗa a kan talla, uwarta na zuba wani abu a adashi don kayan ɗakinta. Wato mun san ware wa yaro rabonsa tun kafin Kalifoniya ta sa shi a doka. Akuya dai ana ganinta a ɗaure a turke, maƙwabta ma shaida ne. Kuɗin da ke shigowa ta waya ba mai ganinsa sai mai riƙe da lambar sirri.

Ƙasashen da suka riga mu ma a guje suke bin abin. Faransa ta yi dokar yaran da ke fitowa a bidiyon intanet a 2020. Jihar Illinois ta Amurka ta yi tata, ta fara aiki a Yulin 2024, inda ta wajabta wa babba ya ware wa yaro kaso daga kuɗin bidiyon da ya fito a ciki. Kalifoniya ma ta faɗaɗa tsohuwar dokar Coogan ta haɗa da yaran bidiyon intanet.

Mai gyaran wayar nan yana da ɗa yanzu, ɗan shekara huɗu, bakinsa kamar an jiƙa shi da mai. Ya ce mini abokansa sun dame shi ya buɗe wa yaron tasha, tunda abin a jini yake. Na ce to me ka yanke? Ya ɗaure murfin wayata, ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya ce, "Uwarsa ta ce in za a yi, a fara sayen tunkiya da kuɗin farko, a kai gidan kakarsa a ɗaure. Ni kuma har yanzu ban ba su amsa ba, Kawu. Ɗari biyar za ka ba da."